Mai Lambun da Ya Kashe Masu Gadinsa

Kawu, don Allah ajiye maganin feshin nan tukuna. Ba na musu cewa ka ga baƙon ƙwaro a dashenka, ni ma ɗokin ganinsa nake yi, tun muna makarantar koyon aikin gona babu abin da nake so kamar a kawo mini ƙwaron da ban sani ba. Amma kafin ka fesa, saurari wannan misalin, ba shi da tsawo.

An yi wani mai lambu a bakin fadama, mahaifiyarsa ta rasu ta bar masa irin attarugu a cikin ɗan gora mai toshin tsumma. Ba irin kasuwa ba ne, ita ma a hannun kakarta ta gada. Ƙanana ne jajaye, in aka jefa biyu a tukunya har maƙwabta sai sun san an ɗora miya. Shekara biyu ya kasa buɗe goran saboda kewa. A ta uku ya ji tsoron kada irin ya mutu a ajiye, sai ya gyara fangali ɗaya, ya zuba taki, ya yafa shi duka, ko ƙwaya bai rage ba. Da dashen ya fito kore shar, sai ya kewaye shi da doguwar zana, don kada masu wucewa su yaba su yi masa kambun baka. Akwai wani tsoho mai lambu a gefensa, wanda ya yi shekara arba'in yana ban ruwa a fadamar. Kullum da safe tsohon yakan ɗaga murya ta bayan zana ya ce, "Maƙwabci, yaya dashe?" Shi kuma ya amsa, "Sai godiya, Baba," ya ja ƙyaure ya rufe.

Wata safiya ya tarar ganyen ya fara nannaɗewa, ya taɓa ya ji danƙo, ga kiyashi suna hawa suna sauka. Yana cikin dubawa sai ya ga wasu ƙwari da bai taɓa gani ba. Baƙaƙe ne, tsawonsu bai wuce ƙwayar shinkafa ba, jikinsu kirci-kirci da ɗigon ruwan goro, kamar an ƙanƙantar da kada. Suna yawo a kan ganyen da sauri, abin ƙyama. Nan take ya yanke musu hukunci. Ya so ya ɗauki ɗaya a tafin hannu ya miƙa wa tsohon ta saman zana, amma ya tuna in ya nuna ƙwaro dole ya nuna dashe, sai ya fasa. Ya samo gwangwanin madara ya zuba kananzir, ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a ciki. Kuma Kawu, ba malalaci ba ne, abin da ya fi ba ni tausayi ke nan. Kwana bakwai yana wannan aiki, gwiwoyinsa suka yi kanta, matarsa ta aiko da koko ya huce a gindin zana. Har da wasu jajaye masu ɗigon baƙi a baya, kamar rabin ƙwayar wake, ya ce ai duk dangi ne, ya haɗa da su. Ranar da ya duba bai ga ko ɗaya ba, ya yi hamdala ya je ya yi barcinsa na rana.

Bayan mako guda dashen ya yi rawaya, ganye ya dunƙule, kara ya langaɓe. Sai a sannan ya buɗe ƙyauren ya kira tsohon. Tsohon ya tsuguna, ya sa yatsa ya juya ganye ɗaya, abin da mai lambun bai taɓa yi ba. Bayan ganyen cike yake maƙil da darɓa, ƙananan ƙwarin nan koraye da ke liƙewa su tsotse ruwan tsiro, su bar danƙon da kiyashi ke bi. Sannan ya leƙa gwangwanin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, waɗannan ai darɓar suka zo ci. Baƙaƙen 'ya'yan jajayen ne, guda ɗaya sai ya cinye gommai a wuni. Ni roƙon Allah nake su sauka a lambuna." Suka yi abin da za su iya, suka jiƙa ganyen darbejiya suka yayyafa, suka barbaɗa toka, amma an makara. Ko tushe ɗaya bai kai lokacin dasawa ba. Mai lambun ya bi gidajen 'yan'uwan mahaifiyarsa ko wata ta ajiye irin, kowacce ta ce ai a wurin marigayiyar muke karɓa. Ya dawo ya kwance zanar ya naɗe, ya rataye goran a ɗaki babu komai a ciki. Ya ci gaba da noman attarugun kasuwa, yana samu kuwa, sai dai bai ƙara jin ƙamshin miyar mahaifiyarsa ba.

Tsakaninsa da amsar nan fa zana ce kawai, Kawu, kuma kullum amsar tana gaishe shi da safe. To, taso mu je fangalin naka mu juya ganyen mu gani, in ni ma ban gane ba mu kai wa wanda ya fi mu sani. Maganin ba zai gudu ba, wanda aka fesa ne ba ya komawa kwalba. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: da-na-sani ƙeya ce, a baya take.