Yadda 'Yar Guguwa Ta Samu Sunanta

Alhaji, ka ce ɗanka ya bar ɗinkin manyan riguna ya koma na yara, har abin ya hana ka sukuni. To, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani maƙerin motoci a wata ƙasa, wanda bai taɓa ƙera komai ba sai motocin tsere. Wadda ta fi yi masa suna ana ce mata Guguwa, doguwa ce mai kujera ɗaya, in ta wuce sai dai ka ji ƙara, ka waiwaya ba ka ga komai ba. Da tsufa ya kama shi, ya miƙa wa ɗansa masana'antar. Shi kuwa ɗan ba tsere ne a ransa ba. Ya ga magidanta na fama da lungunan gari, sai ya ƙera 'yar gajeruwar mota, bayanta a datse, da ƙofar baya mai ɗagawa sama, yadda mutum zai jefa buhun masara da jakunkunan 'yan makaranta ya rufe. Abokan uban suka yi ta tsegumi, wai an mayar da gidan zaki akurkin kaji. Maganar ta yi wa ɗan ciwo, har ya yanke shawarar sa mata suna Sannu, don kada a jingina ta da aikin mahaifinsa a zubar masa da daraja.

Amma hannun da ya ɗaura injin, a gaban tsohon ya koyi riƙe sifana, bai san yadda ake haɗa inji mai kasala ba. Ranar gwaji tsohon ya ce a ba shi makulli. Ya ajiye sandarsa ya shiga, ya fita a hankali. Da ya kai kwanar bayan gari ya taka totur, motar ta sha kwanar kamar an ja ta da zare, ta miƙe ta ɓace. Ya dawo hularsa a karkace, yana dariya har da hawaye. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce, "Wannan ba Sannu ba ce, ɗana. 'Yar Guguwa ce, ta dai fi uwarta son mutane." Daga ranar sunan ya bi ta. Da safe ta kai yara makaranta, ranar hutu mai ita ya fita buɗaɗɗen titi ya more ta.

Saboda haka, Alhaji, kwantar da hankalinka, ka bar shi da allurarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.