Tabkin da Ya Rubuta

"Yaro ne, bai taɓa jikin kowa ba," in ji uban, yana gyara zama a zauren mai gari. "Wasa ne da salula. A yi masa faɗa, a bar maganar."

Wasa! Ɗan nasa, ɗan lakwal, wato makarantar boko, da ya zo hutu daga Damagaram, shi ya yi kutse cikin lambar ƙungiyarmu ta makiyaya, wadda ke gaya mana inda ruwa yake. Don ya burge abokai ya aika saƙo da sunanta, wai ruwa ya sauka arewa da Tenhya, tabkuna sun cika. Ƙarshen rani ne. Na yarda, na kaɗa shanuna daga kwarin Tarka. Busasshiyar ƙasa muka tarar. A hanyar dawowa suka dinga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, ina bin su da wuƙa.

Mai gari ya dube ni. "Malam, kai aka cuta. Mu miƙa shi ga jandarma, a kai shi kaso?"

Na sauke igiyar ɗaurin maruƙa daga kafaɗata, na shimfiɗa ta a gaban yaron. Duk maɗauranta wayam.

"Ranka ya daɗe, kaso akwai inuwa, akwai randa. Ban yarda ba. A ba ni shi, da ƙafa, ba salula. Ya riƙe igiyar nan, ya shige gaba, ya kai ni tabkin da ya rubuta. In mun isa, shi zai fara sha."