Lasin Maigida Bai Mutu Ba

Motar ta mutu a bakin ofishin inshora, daidai inda aka hana tsayawa. Tela ta sake murɗa makulli, gumi yana bin bayan kunnenta.

"Kin saki kuloci da wuri, Direba," in ji maigidanta daga kujerar gefe. "Tun kafin ta mutu na ji tana kuka."

Tun ranar da ta karɓo lasin tuƙi yake kiranta Direba. A ranar ya daɗe yana shafa katin da babban yatsa, ya ce na zamanin nan ba su da nauyi a hannu. Ita kuwa ta doshi hamsin, a rayuwarta ba ta taɓa tuƙa abin da ya wuce keken ɗinki ba, sai bara da ya ajiye aikin tasi, cefane da kuɗin haya suka dawo wuyanta.

Wata makaranta a bayan gari ce ta ba ta ɗinkin kayan ɗalibai, bisa sharaɗin ta riƙa zuwa awo, ta kuma kai kayan da kanta. Motar haya ba ta zuwa can. Ga tsohuwar motar maigida a tsakar gida, lafiyarta ƙalau, sai dai inshorarta za ta ƙare ƙarshen mako, kuma a hanyar makarantar akwai shingen masu duba takardu da ba su san uwar kowa ba.

Tun safe suke yawo. Shi ke nuna hanya, domin babu lungun garin da bai haddace ba. Da ya ce ta karya kwana a gidan mai, ta ce to, ta karya, duk da an riga an rushe gidan man an gina shaguna a wurin.

Ofis na farko, wata mai dogon farce ta dubi lasin, ta dube ta, ta faɗi kuɗin da Tela ta ɗauka na sayen motar ne. A wani ofishin an ce ta cike komai ta waya. Ta cike, wayar ta yi ta juyi, ta fito da abin da ya fi na farko. Ko'ina magana ɗaya ce: sabon hannu. Ba ruwansu da furfurarta, ba ruwansu da cewa babur ma wuce ta yake yi a hanya. A wurin kwamfuta, ita da ɗan saurayin da ke tsere da motar ubansa duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wannan ne na ƙarshe da aka kwatanta mata. Ta samu ta gyara fakin, ta bar wa maigida rediyo a kunne, ta shiga ita kaɗai.

Ma'aikacin matashi ne mai fara'a, sa'an ɗanta na fari. Ya ba ta kujera, ya danna abin da zai danna, ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ko ta haɗa ribar ɗinkin gaba ɗaya ba za ta kai ba. Ta tambaya ko ana biya kaɗan-kaɗan. Ana yi, amma sai ya ƙaru. Ta tambaya ko akwai mafi ƙanƙanta, wadda za ta fitar da ita hannun hukuma kawai. Ita ce wannan ɗin.

Ta fara tattara takardunta. Yaron ya rage murya.

"Mama, babu mai tsohon lasin a gidan?"

"Akwai maigidana."

"Lasinsa ya mutu?"

"Bai mutu ba, sai baɗi."

"Ya taɓa haɗari?"

"Tun kafin a haife ka yake tuƙi, ko kaza bai taɓa takawa ba."

Ya tafa hannu. Ai magana ta ƙare. A sa sunan Baba a babban direba, ita ta biyo baya, kuɗin zai faɗo ƙasa da rabi. Abin da ake buƙata kawai ya shigo da kansa, a ɗauki hotonsa, ya sa hannu cewa shi ke yawan tuƙa motar. Ya leƙa ta gilashin taga. "Ba shi ne wancan mai baƙin tabarau ba? Allah ya kawo sauƙi, kira shi kawai."

Ta fito. Ta zauna a bayan sitiyari, ba ta tayar da motar ba. Ya kashe rediyon da kansa, ya ce numfashinta ya gaya masa ba a dace ba. Ba ta iya ɓoye masa magana, sai ta zayyane masa duk yadda suka yi da yaron.

"To me muke jira?"

"Malam, ba zai yiwu ba, ka sani. In suka gane, har nawa lasin sai sun ƙwace."

"In ba mu shiga ba fa? Makarantar za ta jira ki? Ko mai gidan haya?"

Ta dubi taga. Yaron yana ɗaga mata hannu, har ya jawo wata kujera kusa da tebur ya ajiye biro a kai.

Maigida ya gyara zaman hularsa, ya karkaɗe gaban rigarsa, ya tambaye ta ko wuyan rigar ya zauna daidai. Ta gyara masa, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Sannan ya sunkuya ya lalubo farar sandarsa daga gefen kujera, ya naɗe ta, ya miƙa mata.

"Cusa wannan ƙarƙashin kujera kada ya hango. Ki riƙe hannuna kamar tsufa ne kawai, ki riƙa gaya mini a hankali ta ina ƙofar take."