Wankin Kwalba

Yau Farfesa ne ya miƙo min hannu in ɗebi jininsa.

Shekara tara da suka wuce, a ɗakin bincikensa, na nuna masa takardar wani sinadari da na gano, furotin mai ɗauke da fosfet, a waje da ƙwayoyin halitta, cikin jinin masu ciwon ƙashi. Ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce, "Datti ne. Je ki koyi wankin kwalba." Ya sallame ni.

Yanzu da wannan dattin asibitinmu yake gano cutar.

Da sakamakon jininsa ya fito, ya sassauta murya. "'Yata, ko kuskure ne?"

Wai 'yata.

"Sau uku na wanke kwalbar, ranka ya daɗe. Dattin daga jikinka yake."