Rawanin da Ya Ƙi Tsayawa a Launi Ɗaya

Tun da aka kawo allon nan mai nuna hoto, wanda launinsa ba ya sauyawa ko ta wane gefe ka leƙa, aka kafa doka: kayan da bai yi daidai da hotonsa ba jabu ne. Ran Laraba na kai rawanin shuni ofishin hatimi, bayan mun kwana uku muna bugunsa don ya yi ƙyalli. In babu hatimi, ba ya shiga kasuwa.

Ma'aikacin, wani Zayyanu, ya ɗauki hotonsa, ya ajiye rawanin kusa da allon. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Baba Ilu, raina mana hankali ka zo yi? Ta nan baƙi, ta can shuɗi, ta sama ja-ja. Wanne ne launinsa?"

"Duka ukun, ɗan nan. Ƙyallin ake nema."

"Na hoton bai motsa ba."

"To hoton ne makaho. Ubanka da wane rawani ya ɗaura aure?"

"Kar ka sako ubana, tsoho. Ko ka gyara, ko mu ƙona."

Na waiwayi layin da ke bayana, ko wani zai ce uffan. Kowa idonsa na kan allo.

Akwai bokitin ruwa a bakin ƙofa, an ajiye saboda irinmu. Na tsoma rawanin da hannuna, na cuɗa har ƙyallin ya mutu. Ya fito kamar tsumma.

Zayyanu ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya buga hatimi.

Ya ce, "Ka ga yanzu ya zama na gaske."