Agogon da Ya Tsaya a Hannun Kabaso

Namwinga ta tarar da Kabaso, wanda za ta aura, zaune a keken guragu a barandar gidansu a Kitwe. Tun da ramin haƙar tagulla ya rufta masa, hannuwansa ba su ƙara motsi ba. Agogon da ya cinye masa albashin shekara yana ɗaure a hannunsa, shiru.

"Kabaso, lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa lau. Motsin hannu ne abincinsa."

Ta fito da wani na roba, ɗan kwacha tamanin. "Wannan mai batir ne, ba ruwansa da motsi. Ni ma haka nake."

Ya dubi agogon hannunsa. "Kwance nawa ki ɗaura a hannunki."

Ta ɗaura, ta motsa hannunta. Nan take agogon ya farfaɗo. Ta ɗago da murmushi, sai ta ga idanunsa sun kaɗa.

"Kin gani? Ya ci kuɗinsa, ba ya ƙarya. Tafi da shi. Na riga na aika wa kawunki, an fasa auren."

Ta danne hannunta a ƙirji, ko motsi ba ta yi, don agogon ya tsaya. Bai tsaya ba.