Mai Cin Abinci Shi Kaɗai

Ita ce takarda ta ƙarshe a akwatin labaran makarantarmu, an ninke ta huɗu, babu suna.

"A makarantar nan akwai wanda kullum shi kaɗai yake cin abinci. A yi sanarwa."

Ni nake tace labaran da ake karantawa a asambuli duk Litinin: haihuwa, rasuwa, wanda ya yi sauka. Wannan kam ban karanta ba, don kada in kunyata yaron. Na ce sai na gano shi da kaina.

Kwana huɗu, da an kaɗa ƙararrawar tara sai in ja kujera bakin tagar ofis, kwanon ɗanwakena a cinya, ina duba fili. 'Yan garin Sandamu suna ƙarƙashin darbejiya. 'Yan cikin Daura sun kewaye mai awara. Har sabon ɗalibin da na fi zato, su uku ne a kwanonsa.

Ranar Juma'a na kira Maijidda 'yar aji biyar, don na gane rubutunta.

"'Yata, na duba ban ga kowa ba. Faɗa mini sunansa, ba wanda zai ji."

Ta sunkuyar da kai. "Malam, ai ta taga ba za ka gan shi ba."

"To ta ina?"

"Sai daga waje. Mu daga can muke hango shi."

Ta leƙa ƙofa ta yafito da hannu. Yara shida suka yi sallama, kowa da kwanonsa, suka zauna a gabana.

"Malam, bisimilla."